Sunan da Baffa Ba Ya Kira

"To mu yi ta a fili, Yaya Sharfu. Me kake so in ba ka, me kai kuma za ka ba ni?"

Zuhra ce ta yi tambayar, tana tsaye gindin darbejiyar tashar Ajingi, jaka a kafaɗa, direban motar Kano na ta danna mata hon. Idonta ya kaɗa ya yi ja, amma ta hana hawayen saukowa.

Sharfaddeen ya waiga dama, ya waiga hagu, kai ka ce cinikin kayan sata suke.

"Rage murya mana, Gimbiya..."

"Muryata ke nan. Da ita nake yi wa 'yan baya tsawa a fili, ba ni da wata."

Gola ce Zuhra, mai tsaron raga. Tun tana makarantar 'yan mata take cafe ƙwallo kamar da danƙo a hannunta. Daga nan wata ƙungiya a Kano ta ɗauke ta, yanzu kuma ga kira daga Abuja, ana son ta a sansanin ƙungiyar matan ƙasa. Ba ita ce ta farko ba, ba ita ce ta biyu ba, ta uku ce, mai ɗumama benci. Amma ga yarinyar da ta taso tana kora maruƙa a Gafasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi kuwa Sharfaddeen da ƙwallo yake ci yake sha. Shi ne mai gidan kallon da ke bayan kasuwar Gaya: rumfar kwano, bencina, talabijin, da wani tsohon janareto mai yawan tari. Yana son Zuhra, son da har abokansa sun gaji da yi masa tsiya a kai. Abu ɗaya ne ya fi wannan son ƙarfi a zuciyarsa, wato tsoron bakin mutane, musamman bakin mahaifiyarsa Hajiya Amarya.

"Shiru kawai nake so," ya ce. "Kar ki ɗora hoto a waya. Kar ki yi hira da 'yan rediyo. Duk wanda ya tambaye ni, kina wurin gwaggonki a Abuja kina koyon ɗinki."

"Ɗinki." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni da ko maɓalli ban iya sawa ba."

"Na ɗan lokaci ne, hasken idona. Ni kuma alkawari na ɗauka, ana gama cire gyaɗa manyana za su zo Gafasa a sa rana. Ana sawa, ni da bakina zan gaya wa Hajiya. A lokacin babu yadda za ta yi."

"Wato kunyata kake ji."

"Ba kunyarki ba ce..."

"To ta mece ce?"

Sai ya kauce.

"Baffa fa? Ya san inda za ki?"

"Ya sani. Ta bakin Kaka Hanne na nemi izini, ta bakinta ya ba ni."

"Shi bai ce miki komai ba?"

"Ni 'yar fari ce, Yaya Sharfu. Tunda aka haife ni Baffa bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. A hannun mahaifiyarsa na taso. In zai ambace ni sai ya ce ta wajen Inna. Haka muke a gidanmu."

Sharfaddeen ya yi dariya. Shi auta ne, tun yana goye ake kiran sunansa kamar ana tallan ƙosai, don haka maganar ta shiga ta wannan kunnen ta fice ta wancan.

Zuhra ta buɗe jaka ta zaro tsohuwar safar hannu, wadda tafinta ya cinye saboda kamun ƙwallo. Ta miƙa masa ɗaya, ta mayar da ɗaya.

"Na yarda. Riƙe wannan. Ranar da ka cika naka, sai mu haɗa su."

Ta shiga mota ba ta waigo ba. Ya cusa safar a aljihu da sauri, kar wani ya gani.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne 'yan matan nan za su fara ci.

Da, in an ce wasan mata, ko kyauta ka buɗe rumfa babu mai leƙowa. Sai ga shi sun ci wannan ƙasa, sun casa waccan. Kafin dawa ta fitar da kai, wayoyi sun cika da su. Teburin mai shayi maganarsu. 'Yan acaba na musu a kan wacce ta fi gudu. A lungunan Gaya sai ka ga yara mata sun ɗaure hijabi a ƙugu suna harbin ƙwallon tsumma, iyaye na leƙe ta katanga suna yi kamar ba su gani ba. Haka mutane suke: abin da suka tofa wa yawu jiya, in ya fara kawo nasara sai kowa ya ce da ma shi ya san za a yi haka.

Samari suka tasa Sharfaddeen a gaba.

"Ka sa mana wasan matan nan, ko mu koma rumfar tasha."

Ya sa. Ya ce a ransa, ai a benci take, wa zai lura?

Bai san masu ɗaukar hoto suna son benci ba. Da an busa hutun rabin lokaci, ko an ce za a yi canji, sai su juya can. Ranar farko ya hango gefen fuskarta, farin ɗankwali ɗaure tamau. Ya sulale bayan rumfa, ya murɗe famfon man janareto. Inji ya yi tari biyu ya mutu.

"Inji ya shaƙe, jama'a, a yi haƙuri."

Tun daga ranar ya mayar da gindin janareto wurin zamansa. Kunne a kan mai sharhi, hannu a kan famfo. Aka zage shi, aka zagi injin, aka zagi wanda ya sayar masa da shi. Duk ya shanye.

Wanda ya kasa shanyewa shi ne kiran Zuhra na bayan magariba.

"Ka gan ni yau? An nuno benci, har hannu na ɗaga."

"Wallahi Gimbiya... inji ne ya ba mu matsala."



"Kullum inji."

"Tsoho ne..."

"Na ɗaga hannun ne don kai, Yaya Sharfu. 'Yan ɗakinmu suna yi min dariya, wai wa nake ɗaga wa. Kowa ana kiranta daga gida a ce mun gan ki. Ni kaɗai ce ba a gani."

Ya riƙe wayar, ya rasa inda zai sa fuskarsa, alhali ba kowa a wurin sai shi da inji.

To akwai Khaula. 'Yar Kawu Ɗantani ce, ƙanin marigayi mahaifin Sharfaddeen, kuma shi ne waliyyin da zai je nemar masa aure. Khaula kullum tana gidan Hajiya Amarya, ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce matse wa Hajiya ƙafa. Duk Gaya an san ba don lada kaɗai take yi ba. Ga ta kuma da son wasan matan nan, ba wanda yake wuce ta a waya.

Wata rana ta kawo masa abinci rumfa, ta ajiye, ta ƙi tafiya.

"Yaya Sharfu, tambaya zan yi."

"Ina ji."

"Ɗinkin Abuja, da safar hannu ake yin sa?"

Ya mayar da lomar cikin kwano. Ta yi murmushi, ta gyara mayafi, ta tafi abinta.

Ba ta gaya wa Hajiya ba. Khaula ba ta da gaggawa. Mahaifinta ta gaya wa, suka zauna jiran ranar da ta dace.

Ranar ta zo da kanta. Gola ta farko ta ji ciwo a kafaɗa, ta biyu zazzaɓi ya kwantar da ita. Tun da hantsi Khaula ta ga sunayen da za su fara wasan la'asar. Shi kuwa Sharfaddeen ya yini wurin neman mai, wayarsa ba caji, bai san komai ba. Ga shi kuma ranar ce Malam Maiwada, mahaifin Zuhra, ya shigo Gaya sayen kanwa da maganin shanu. Kawu Ɗantani ya tare shi a kasuwa da fara'a har kunne.

"Malam, tunda mun kusa zama ɗaya, zo ka ga sana'ar yaron namu."

Ko da Sharfaddeen ya iso, rumfa ta cika har waje. Ya nufi gindin janareto, sai ya tarar da Kabo mai gyaran inji zaune a kan bulo, ya rungume sufana.

"Me kake yi a nan?"

"Samari suka ɗauko ni. Wai yau in inji ya shaƙe, ni za su shaƙe." Kabo ya yi ƙasa da murya. "Na duba shi kuwa, lafiyarsa ƙalau. Famfon man ne kawai ya yi santsi, kamar ana yawan taɓa shi."

Sharfaddeen ya koma ciki. A bencin gaba ya ga Kawu Ɗantani, gefensa dogon dattijo da malafa da sanda. Kafin ya gama durƙusawa gaisuwa aka sa taken ƙasa. Hoto ya fara bin fuskokin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, ya zo ya tsaya a kan ta ƙarshe.

Farin ɗankwali. Doguwar riga mai dogon hannu, dogon wando har idon sawu. Hannu a ƙirji, ido a rufe, leɓe na motsi. A ƙasa an rubuta sunanta da na mahaifinta.



"Kai... wannan ba 'yar Gafasa ba ce?"

"Ita ce mana. Ta Sharfu."

"Mai ɗinki?"

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi.

Malam Maiwada ya sunkuyar da kai. Ya ja malafarsa ta rufe masa ido. Ya miƙe a hankali, ya juya wa talabijin baya, ya ratsa mutane ya fita bai ce uffan ba.

Kawu Ɗantani ya ɗaga murya yadda na waje ma zai ji.

"Sharfaddeen. Wannan ce kake so in sa babbar riga in je in nemo maka? Wadda uban da ya haife ta ma ya kasa kallo? Ka san da wannan ka rufe mu, ko kai ma rufe ka aka yi?"

Ido ya yi masa yawa. Wayoyi a sama, ana ɗauka. Ya dubi ƙofar da dattijon ya bi. A ransa ya ce shi ke nan, ubanta ma ya yar da ita, ni wa zan tsaya wa? Safar hannun tana aljihunsa, yana jin tudunta a cinya.

"Ni ban san da wannan ba, Kawu," ya ji bakinsa na faɗa. "Wadda na sani ɗinki take koyo. Wannan... ban san ta ba."

"Madalla," in ji Kawu, ya gyara zama.

Aka take wasa.

Da Allah ya so a ci ta uku ko huɗu a ranar, da wataƙila maganar ta wuce a haka. Sai ya zamana duk ta inda ƙwallo ta zo, Zuhra na nan. Ta sama ta doke, ta ƙasa ta kwanta a kai. Masu dariya suka fara gyara zama. Ana dab da tashi, Najeriya na gaba da ci ɗaya, alƙalin wasa ya ba wa abokan karawa fenareti.

Ba mai tari a rumfar. Aka nuno ta ita kaɗai a tsakiyar raga, tana buga tafin hannu. Mai bugu ta zo da gudu ta saki ƙafa.

Zuhra ta tashi sama kamar an cilla ta, ta ture ƙwallon da yatsu.

Rumfa ta kusa rushewa. Benci ya karye. Wanda ya fara dariyar ɗinki shi ne a kan tebur yana ihu, "Tamu ce! 'Yar Gafasa ce!" Kabo ya jefar da sufana ya shigo da gudu. Kowa na rungumar kowa.

Mutum ɗaya ne ba wanda ya runguma.

Da Sharfaddeen ya fito bayan an watse, ya ga sawun takalmin roba da ramin sanda a jikin kwanon rumfar ta baya, inda mutum ya daɗe a tsaye. Bai kawo komai a ransa ba.

Kafin isha'i hotunan biyu suna yawo tare a kowace waya: ga Zuhra a sama tana ture ƙwallo, ga Sharfaddeen yana cewa ban san ta ba. Ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira. Ya yi ta kira har wayar ta daina shiga.

A gida Hajiya Amarya ta ce, "Allah ya rufa asiri da ka gane da wuri. Ba za a kawo min mai birgima a ƙasa gaban duniya ba. Ga Khaula nan, 'yar gida."

Ya daina fita sai dole. In ya ratsa kasuwa, yara mata masu ƙwallon tsumma su tsaya su bi shi da ido. Mai shayi ya miƙo masa kofi ya ce, "Ka san wannan kuwa, ko shi ma ba ka san shi ba?"

Da aka ba su hutu Zuhra ta dawo. Ya ji labarin yadda 'yan mata suka cika tashar Ajingi, har da masu guɗa. Ya bari ƙura ta lafa, sannan ya hau babur ya nufi Gafasa.

Ta fito zaure bayan ta shanya shi. Ta rame, ta ƙara tsayi a idonsa. Ba ta zauna ba.

"Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?"

"Zuhra, don Allah..."

"Au, ka san sunan?"

Ya durƙusa kamar mai gaida surukai.

"Gimbiya, ruɗewa na yi. Mutane ne suka yi min yawa. Na ga Baffa ya fita cikin fushi..."

"Kar ka sa Baffa a ciki. Na riƙe nawa alkawarin, Yaya Sharfu. 'Yan jarida sun bi ni har ɗaki, na ce ba na magana. 'Yan uwana suna ɗora hotuna, ni ina ɓuya a bayansu kamar wadda ta yi abin kunya. Ka san me na yi da na ture ƙwallon nan? Na dubi abin ɗaukar hoton na ce yau dai inji ko ya ƙi ko ya so, ya gan ni."

Hawayen da ta hana a tasha ya sauko.

"Na koma ɗaki ina rawar jiki in kira ka. Sai wata ta miƙo min waya ta ce, wannan ba garinku ba ne?"

"Ki yafe min..."

"Ba ni safata."

Ya zaro ta daga aljihu. Ta karɓa da yatsa biyu, ta juya ciki.

Yana tura babur zai tafi, ya ji an yi gyaran murya daga wajen garke. Malam Maiwada ne, tsugune yana ɗaure maraƙi. Bai ɗago ba.

"Samari. Zo."

Ya je ya tsuguna nesa kaɗan.

"Ranar nan a rumfarka na juya baya na fita. Me ka ɗauka?"

"Na ɗauka... ranka ne ya ɓaci, Baffa. Na ɗauka ka yi fushi da ita."

Dattijon ya ja igiya, ya ƙulle, ya shafa wuyan maraƙin.

"Ni ma ɗan fari ne. Ubana har ya koma ga Allah bai kira sunana ba. Ranar da na tsaya a filin sharo, bayan bukka ya zauna, mutane ke kai masa labari. An ce da aka gaya masa ban motsa ba, sai ya tashi ya shiga cikin shanu, kar a ga fuskarsa. Ba ƙi ba ne, samari. Mu haka muka tarar. Ta wajen Inna ta fito gaban duniya, ga mutane cike, in zauna in zuba mata ido? Ina zan kai fuskata?"

Sharfaddeen ya sunkuyar da kai.

"Ban tafi ba. Ina bayan kwanon nan har aka tashi. Ban ga komai ba, ihu kawai nake ji, ban san na daɗi ba ne ko na wuya, ba kuma wanda zan tambaya."

Sai a lokacin Sharfaddeen ya tuna sawun takalmin da ramin sanda.

"Ni ba ni da bakin da zan kira sunanta. Tun ranar suna yana nan," ya dafa ƙirji, "bai taɓa fitowa ba. Na ce to, ga wani nan zai zo, mai baki, wanda in an tambaya zai ce tawa ce. Da na ji kawunka ya tambaye ka, har na matso na kasa kunne."

Ya ɗauki wata igiyar.

"Sai na ji ka ce ba ka san ta ba."

Bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Sharfaddeen bai san yadda ya kai Gaya ba. Kai tsaye ɗakin Hajiya ya shiga, Khaula na zaune tana matsa mata ƙafa.

"Hajiya, ƙaryar ɗinkin nan ni na tsara ta, ba Zuhra ba. Na san inda take tun ranar da ta tafi. Ita nake so, kuma in ta ƙi ni, ba zan auri kowa a gidan nan don huce haushi ba."

Khaula ta saki ƙafar.

"Auta, ni kake gaya wa haka?"

"Ki gafarce ni, Hajiya. Tsoronki ya sa na yi abin da ko a mafarki ba na son tunawa. Ba zan ƙara ba."

Hajiya ta juya masa ƙeya. Ta daina amsa gaisuwarsa. Amma Hajiya mace ce mai zuwa biki da suna, kuma a 'yan kwanakin nan duk taron da ta shiga sai an ja ta gefe: "Hajiya, ashe golar nan taku ce? Ki ce ta gaishe mu." Tun tana ɗaure fuska har aka fara jin tana cewa, "Yarinya ce mai kunya, ba ku ga ko gashinta ba a gani ba?"

Zuhra ta koma sansani. Da wasa na gaba ya matso, ranar kasuwar Ajingi, aka ga Sharfaddeen ya ɗaure lasifika a bayan babur yana ratsa 'yan hatsi da 'yan gyaɗa yana shelar wasa. Ya raba rumfarsa da labule, ya ware wa mata gefe da ƙofarsu. Ya je Gafasa da kansa ya roƙi Malam Maiwada ya zo. Ya aika wa Kawu Ɗantani cewa bencin gaba nasa ne.

Ranar wasan, ana sa taken ƙasa, ya rage muryar talabijin, ya hau kan benci da lasifika a hannu. Hannun na rawa. Wayoyi suka tashi sama kamar wancan karon.

"Jama'a, a nan na tsaya na ce ban san ta ba. Ƙarya na yi. Injin nan ma bai taɓa shaƙewa ba, ni nake murɗe shi."

"Ai mun sani," in ji Kabo daga baya. Aka yi dariya.

Ya jira dariyar ta wuce, kunnuwansa kamar an zuba musu barkono.

"Waccan da kuke gani sunanta Zuhra. Zuhra 'yar Malam Maiwada ta Gafasa. Na san ta, na san gidansu, na san tsohuwar safar da ta fara kamu da ita. Ni ne ban isa ba, ba ita ba. Kawu, in ta yafe min, kai za ka sa babbar riga ka je. In ba ta yafe ba, ni na ja wa kaina."

Daga bayan labule wata ta rangaɗa guɗa. Waɗanda suka san muryar sun ce ta Hajiya Amarya ce, ita kuwa har yau musu take.

Ya sauko, ya ɗauki kujera ya zaga bayan rumfa. Malam Maiwada na tsaye a inda ya tsaya wancan karon, bayansa jikin kwano. Sharfaddeen ya zaunar da shi, shi kuma ya tsaya a bakin taga, ido ɗaya a ciki.

"Sun taso, Baffa... sun shigo... an buga. Zuhra ta kama."

Dattijon ya ja malafa.

"An sake kawowa ta sama. Zuhra ta doke."

"Uhm."

Haka suka yi har aka tashi. Duk sanda sunan ya fito, sai yatsun dattijon su ƙara damƙe sanda. Da aka busa tashi ya miƙe, ya laluba aljihun taguwarsa, ya zaro wani abu ya ajiye a kan kujerar, yana kallon wani wajen.

"Ta wajen Inna ta ce in ka yi abin kirki in ba ka. In ba ka yi ba in mayar mata."

Safar hannu ce.

Bayan magariba wayarsa ta yi ƙara.

"Na gani," ta ce. Muryarta a dashe, ko don tsawar fili ko don wani abin. "Har rawar hannun na gani."

"Zuhrata..."

"Tsaya tukuna. Mu yi ta a fili, Yaya Sharfu. Wannan karon ni zan faɗi nawa. Ba zan ajiye ƙwallo don an ɗaura aure ba, sai ranar da ni na ga dama. Ba ɓuya, ba ɗinki."

"Na yarda."

"Ban gama ba. Duk wasan da zan buga, Baffa yana da kujera a bayan rumfar nan, kai kuma kana bakin taga."

"Na yarda. Ni kuma me za ki ba ni?"

Ya ji 'yar dariyarta, ta gaske, wadda ya daɗe bai ji ba.

"Ɗayar safar. Kar ka yi haɗama."

An ɗaura aure bayan an kai amfanin gona gida. In za a yi rabon riba da asara, Khaula ce ta fi kowa faɗuwa, don da hannunta ta kai kishiyar zuciyarta gaban jama'a a ranar da tauraronta zai haska. Yanzu a gefen mata take kallo, kuma an ce in Zuhra ta kama har tafi take yi kafin ta tuna. Kawu Ɗantani ya sa babbar rigar da ya rantse ba zai sa ba. Hajiya Amarya ta ci riba ba ta zuba komai ba, ta samu abin faɗa a kowane biki. Sharfaddeen ya samu mata, ya rasa suna, don daga Gaya har Kademi ba mai ce masa Sharfu sai Mijin Gola, kuma ko atishawa ya yi sai wani ya ce inji ya shaƙe. Zuhra ta samu fili, ta samu miji, ta yafe, amma ba ta manta ba, shi ma ya san ba ta manta ba.

Wanda ya fi kowa riba kuwa shi ne dattijon da ke zaune bayan kwano, ya juya wa duniya baya, malafa a kan ido. Har yau bai kira sunan ba. Amma duk ranar wasa yana jin sa, da ƙarfi, gaban kowa.